TASHAR WARI: YADDA NAMUN DAJI KE DANGWALA SAWUNSU A RAJISTA

Idan kaka ta kama a Jihar Minesota, can arewacin ƙasar Amurka, akan ga ma'aikatan kula da namun daji sun fita da yamma cikin motocinsu, suna bin ƙananan hanyoyin karkara waɗanda ba a shimfiɗa musu kwalta ba. Ba bindiga suke ɗauke da ita ba, ba kuma tarko ba. Kayan aikinsu shebur ne, da rariya, da bokitin ƙasa, da wata 'yar kwalba da ake toshe bakinta tam saboda tsananin ɗoyin abin da ke ciki. Ma'aikaci zai tsaya a gefen hanya, ya share wuri, ya rairaye ƙasa mai laushi ya baje ta a da'ira mai faɗin yadi ɗaya, sa'an nan ya ciro wata farar ƙwaya mai kamar girman tsohon kwabo ya ajiye a tsakiya. Daga nan sai ya ƙara gaba kimanin rabin kilomita, ya tsallaka ɗaya gefen hanyar ya sake yin haka, har ya cika goma. Washegari da sassafe ya dawo da littafinsa da alƙalami, ya durƙusa yana karanta abin da baƙin dare suka rubuta masa.

Wannan da'ira ta rairayayyar ƙasa da abin wari a tsakiyarta ita ce masana ilmin dabbobi ke kira tashar wari. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Namun daji masu cin nama, irin su dila da yanyawa da kyanwar daji, yawancinsu da dare suke yawo, kuma suna da tsananin gudun mutum, har mai aikin daji ya shekara a wuri bai sa su a ido ba alhali kuwa kullum suna gilmawa ta bayan ɗakinsa. To, amma duk wayonsu akwai abu guda da ba sa iya daurewa a kansa, watau baƙon wari. Da hanci suke sanin duniya. Cikin hancin kare akwai ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyin jin wari, shi kuwa ɗan Adam miliyoyi kaɗan ne rabonsa. Da fitsari da kashi waɗannan dabbobi ke shata iyakar ƙasarsu, da su kuma suke gane wanda ya wuce, namiji ne ko mace, ɗan gida ne ko baƙo. Saboda haka idan dila ya ji wani wari da bai saba da shi ba a kan hanyarsa, da wuya ya wuce bai ratse ya sansana ba. Yana ratsewa kuwa ya taka ƙasar nan mai laushi, ya dangwala sawunsa kamar yadda mai karɓar albashi ke dangwala yatsa a takarda, ya tafi abinsa ba a taɓa lafiyarsa ba.

RIGIMAR DA TA HAIFI DABARAR

Masu farauta da tarko sun daɗe da sanin amfanin wari wajen jawo dabba, kuma tun cikin shekarun 1940 da 1950 wasu masu bincike a jihohin Niyok da Wiskonsin da Jojiya suka jarraba shi don sanin yawan yanyawar ƙasarsu. Amma abin da ya mai da shi aikin gwamnati sosai wata doguwar rigima ce tsakanin makiyayan tumaki na yammacin Amurka da masu kishin namun daji, a kan wata dabba mai suna koyoti.

Shi koyoti ɗan'uwan dila ne, sai dai ya ɗan fi dilan ƙasar Hausa girma, kuma in ana batun wayo ba za a ce wannan ya fi wancan ba. Yana cin zomaye da ɓeraye da mushe da 'ya'yan itatuwa, amma idan ya sami 'yan raguna ba ya ƙyale su. Tun shekarar 1931 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar da ta ɗora wa gwamnatin tarayya nauyin yaƙar dabbobin da ke yi wa makiyaya ɓarna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shigo da wata muguwar guba da ake kira da lambarta, 1080. Akan zuba ta cikin naman doki ko tunkiya a yar a daji lokacin sanyi, duk abin da ya ci ya mutu. Ko shakka babu ta kashe koyoti masu ɗimbin yawa, amma guba ba ta tambayar suna. Yanyawa da karnukan gida da tsuntsaye masu cin mushe duk sun sha daga cikinta.

A shekarar 1971 aka tsinci gawarwakin mikiya a Jihar Wayomin, waɗanda suka ci naman da aka barbaɗa wa wata gubar daban, daga baya kuma aka fallasa cewa ana bin ɗaruruwansu da jirgi mai saukar ungulu ana harbewa. Ita kuwa mikiya ita ce ke jikin tambarin ƙasar, don haka jama'a suka harzuƙa. Gwamnati ta naɗa kwamitin masana a ƙarƙashin Farfesa Stanley Cain, kwamitin ya ba da shawarar a daina amfani da guba, kuma cikin watan Fabrairu na shekarar 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu a kan umurnin da ya hana sa wa waɗannan dabbobi guba a filayen gwamnatin tarayya.

Nan fa gardama ta kaure. Makiyaya suka ce an ɗaure musu hannu, koyoti zai cika daji ya ƙarasa musu dukiya. Kukansu kuwa yana da dalili, domin tumakin Amurka da suka kai miliyan 56 a shekarar 1942 sun riga sun ragu zuwa ƙasa da miliyan 20, ko da yake faɗuwar kuɗin ulu da tsadar 'yan ƙodago su ma suna da hannu a ciki. Masu kishin namun daji suka ce ana zuzuta ɓarnar ne kawai. Da aka zo ga tambayar da ta fi kowace sauƙi, watau shin koyoti ƙaruwa yake yi ko raguwa, sai aka tarar kowane ɓangare da zato yake magana. An shekara arba'in ana kashe kuɗin jama'a wajen yaƙar dabbar da babu wani ma'auni na bai-ɗaya da ake auna yawanta da shi.

A wannan shekara ta 1972 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta fara awon shekara-shekara da tashoshin wari a jihohi 17 na yamma. Masana biyu, Samuel Linhart da Frederick Knowlton, su ne suka bayyana tsarin a rubuce a shekarar 1975. Kowane layi yana da tasha 50, tsakanin wannan da waccan kimanin rabin kilomita, watau layi ɗaya ya doshi mil 15. A tsakiyar kowace tasha ana kafa ɗan ƙoƙon roba mai huda-huda, cike da garin ƙwai da aka bari ya ruɓe. Cikin watan Satumba ake aikin, ana zagaya layin kwana biyar a jere, kowace safiya a rubuta abin da aka gani, a sake lallashe ƙasar. An shimfiɗa irin waɗannan layuka wajen 400, aka kuma ci gaba da bin su har shekarar 1981.

Lissafin ma ɗan firamare zai iya shi. Tasha ɗaya idan ta kwana ɗaya lafiya, ruwa bai wanke ta ba, shanu ba su tattake ta ba, ana ƙirga ta kwanan tasha ɗaya. A ce an sami kwanan tasha 200 masu kyau, aka ga sawun koyoti a 20 daga ciki. Sai a raba 20 da 200, a ninka da 1,000, a sami 100. Wannan ɗari ba yawan koyoti ba ne. Lamba ce kawai da za a ajiye a gwada da ta baɗi da ta baɗin baɗaɗa.

Awon bai kashe rigimar ba, don ba a daina kashe koyoti da tarko da bindiga daga jirgin sama ba, a shekarar 1975 aka sassauta dokar gubar, a 1982 kuma Shugaba Reagan ya soke umurnin Nixon. Shi kuwa gogan naka ko a jikinsa. Dabbar da a dā aka sani a filayen yamma da tsakiyar nahiyar ta bazu zuwa kowace jihar Amurka ban da tsibiran Hawayi, ta gangara kudu har ƙasar Fanama, alhali a shekarar 2018 kaɗai ma'aikatan gwamnatin tarayya sun kashe wajen 68,000. Abin da ya saura daga wancan zamani mai amfani shi ne dabarar awon kanta.

An kuwa gyara ta. A shekarar 1982 Roughton da Sweeny suka nuna cewa gara a yi gajerun layuka masu tasha goma-goma da yawa, a duba su dare ɗaya tak, da a yi dogo guda ana ta maimaita shi. Ruɓaɓɓen ƙwai kuma aka ga ba shi da tabbas, domin na bana ba lalle ne ɗoyinsa ya zo daidai da na bara ba, wanda kuwa ke awo da mudun da ke canza girma bai yi awo ba. Sai aka binciko sinadaran da ke ba ƙwan warinsa, aka harhaɗa guda goma a ɗakin gwaji bisa ƙayyadadden kaso. Ɗaya daga cikinsu shi ne ke sa man shanu ɗoyi in ya lalace, wani kuma shi ne warin bunsuru, har ma daga sunan akuya a harshen Latin aka samo sunansa. Cikin wannan haɗi ake tsoma farar ƙwayar nan da aka ambata da farko.

KARATUN SAWU

Shimfiɗa ƙasa kowa ma ya iya. Inda aikin yake shi ne karatun, kuma a nan ne mai digiri kan koma ɗalibi a gaban tsohon maharbi. Amma akwai ƙa'idoji da suke ɗaya ko a Minesota ko a dajin Falgore, domin dangogin dabbobin ɗaya ne.

Dangin kare, watau dila da yanyawa da kyarkeci da karen gida, suna barin yatsu huɗu da tafi ɗaya a baya. Sawun ya fi tsawo bisa faɗi, kamar ƙwai, kuma faratansu suna fitowa a gaban yatsun domin ba sa iya janye su. Dangin kyanwa kuwa, tun daga muzurun gida har damisa da zaki, su ma yatsu huɗu ne, amma sawun a kewaye yake, ba a ganin farce don suna noƙe shi cikin kube idan suna tafiya, kuma gefen baya na tafin ya rabu gida uku, alhali na kare biyu ne. Rabbi kuwa ya saɓa wa yawancin danginsa, don faratansa ba sa ɓuya sosai.

Sawun kura ba ya ɓata wa wanda ya taɓa ganinsa. Ƙafar gaba ta fi ta baya girma nesa ba kusa ba, daidai da yadda ƙirarta take, gaba a tashe baya a zube. Yatsun a lanƙwashe suke suna manne da juna, faratan gajeru ne masu kauri, tafin kuma a karkace. Dage da bodari suna nuna yatsu biyar, kuma dage na barin ramukan dogayen faratan gaba da yake tono da su, can nesa da yatsun. Beguwa kan ja ƙayoyinta su yi zane a kan sawunta. Damo da guza kan bar layin wutsiya yana karkaɗa tsakanin ƙafafu. A Amurka akwai wata dabba mai suna rakun wadda sawunta na gaba ke kama da hannun jariri, yatsu biyar dogaye, har baƙo ya tsorata.

Babbar matsala ita ce 'yan gida ɗaya. Bambanta dila da ƙaramin karen ƙauye yana ba ƙwararru ma wahala. Akan duba cewa sawun dila ya fi matsewa, yatsun tsakiya biyu sun miƙe gaba sosai, faratan siraru ne, kuma tafiyarsa a miƙe take kamar mai saƙo a hannu, shi kuwa kare yatsunsa a baje, tafiyarsa ta shashanci, nan ya sansana can ya juya. Duk da haka ƙa'idar aikin ita ce, abin da ba a tabbatar ba a rubuta ba a gane ba. Ana ajiye ma'auni kusa da sawun a ɗauki hoto, a auna tsawo da faɗi ba tare da farce ba. Da hantsi kuma ake so a yi karatun, lokacin da rana ke ƙasa-ƙasa, mai dubawa ya sa sawun tsakaninsa da ranar, domin inuwa ce ke fito da shi. Da rana ta take tsaka sai sawun ya dushe ko da yana nan.

Ƙasar ma da nata sharaɗi. Yashi tsantsa busasshe yana zubewa ya cike ramin, sai a ga gurbi kawai ba yatsu. Laka tana bushewa ta yi tauri. Abin da aka fi so shi ne ƙasa mai laushi kamar gari, wasu ma kan cuɗa yashi da ɗan mai don ya riƙe siffa. Sa'an nan ga abin da Bahaushe ya riga ya faɗa, sawun giwa ya taka na raƙumi. Idan garken shanu ya bi ta kan tasha da asuba, duk wanda ya zo da tsakar dare an shafe labarinsa.

ABIN DA RAIRAYI BA YA FAƊA

Jihar Minesota ta ɗauki wannan awo tun tsakiyar shekarun 1970, ta kuma riƙe shi fiye da shekara 40, da taimakon ma'aikatan jiha da na tarayya, da hukumomin ƙabilun Indiyawan daji, har da ɗaliban wasu makarantu. An kasa jihar shiyya uku, ta gonaki da ta kurmi da ta tsakaninsu. Tsawon lokacin nan ne ya ba lambobin daraja. Da su aka ga jar yanyawa ta yawaita har farkon shekarun 1990 sa'an nan ta ja baya, aka ga koyoti yana ƙaruwa a shiyyar gonaki, aka kuma ga yawan karnuka da kyanwoyin gida da ke yawon dare a daji, abin da masu su ba su sani ba.

To, amma a shekarar 1998 masana uku, Sargeant da Johnson da Berg, suka zauna suka tace waɗannan lambobi, suka fito da gargaɗi. Dila guda mai son bin hanya zai iya taka tasha biyar a jere cikin dare ɗaya, mai lissafi ya zaci biyar ne. Saboda haka layi sukutum ya kamata a ƙirga a matsayin shaida ɗaya, ba kowace tasha ba. Suka kuma nuna cewa dabarar tana iya bayyana babban canji a faɗin ƙasa cikin shekaru masu yawa, amma ba ta da ƙarfin faɗin abin da ya faru a gunduma ɗaya daga bara zuwa bana. Wani binciken kuma ya gano cewa koyoti ya fi shakkar baƙon abu a tsakiyar ƙasarsa da ya sani ciki da bai, ya fi kuma sakin jiki ya sansana idan yana bakin iyaka ko a baƙon wuri. Ashe ke nan tasha na iya kwana fayau a ƙofar gidan mai gida. Dangin kyanwa kuma sun fi aiki da ido bisa hanci, shi ya sa wasu ke rataya gashin tsuntsu a saman tasha don iska ta riƙa kaɗa shi.

Misalin abin shi ne mutumin da ke zama bakin kasuwa yana ƙirga jakunan da suka shigo kowace ranar kasuwa. Ba zai taɓa sanin jakuna nawa ne a gundumar ba. Amma in ya shekara ashirin yana yi a ƙofa ɗaya, a rana ɗaya, ya ga suna ta raguwa, to maganarsa abin saurare ce. Laifin yana zuwa ne ranar da aka ɗauki lambarsa aka kai ofis aka rubuta cewa ita ce jimillar jakunan ƙasar.

Ƙasar Indiya ta ɗanɗana wannan kuskure, ko da yake ba da tashar wari ba. Daga shekarar 1972 aka riƙa ƙidayar damisar nan mai ratsi-ratsi ta hanyar kwafar sawu, bisa zaton cewa kowace damisa ana iya gane ta da sawunta kamar zanen yatsa. A ƙidayar farko aka ce 1,827 ne, kafin shekarar 2002 lambar ta haura 3,600. Masana irin su Ullas Karanth sun yi ta faɗin cewa sawun dabba ɗaya na canzawa bisa ga irin ƙasa da saurin tafiya, ba a saurare su ba. Sai a shekarar 2005 aka tabbatar cewa a gandun Sariska, inda takardun hukuma ke nuna akwai fiye da goma sha biyar, ko ɗaya ba ta saura ba, mafarauta sun gama da su. Da aka sake ƙidaya a 2006 da kyamarori, sai aka sami 1,411 a ƙasar duka. Sawun bai yi ƙarya ba. An dai tambaye shi abin da ba shi da amsarsa, kuma waɗanda aka ba ƙidayar su ne waɗanda za a tuhuma in lambar ta faɗi.

Dabarar ta yi rassa a wurare da dama. A kurmin Kalifoniya, inda ƙasa ba ta riƙe sawu, akan turara farantin gorar ruwa da baƙin hayaƙi, a sa farar takarda mai danƙo a gabansa, dabba ta taka baƙin ta buga a kan takardar, har zanen fatar tafinta ya fito. A Niyu Zilan, inda ɓerayen da jiragen ruwa suka kai ke cinye ƙwan tsuntsayen ƙasar, ana ajiye 'yan akwatuna dogaye masu kati da tawada a ciki, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa a matsayin abin jawowa. A ƙasar Gwatamala kuwa masu binciken damisar kurmin Amurka sun yi amfani da wani turaren maza mai tsada na Calvin Klein, bayan an gano a gidan dabbobi na Buronkis a Niyok cewa manyan kyanwoyi na shafe lokaci suna goga kumatunsu a inda aka fesa shi. Asirin kuwa ba baƙo ba ne ga mutanen Kano, domin abin da ake jin yana jan su shi ne sinadarin jibda, wanda ake haɗawa a masana'anta don kwaikwayon na tunkun jibda.

Kyamara mai ɗaukar hoto da kanta ta karɓe yawancin wannan aiki a ƙasashe masu hali, kuma ta fi rairayi faɗin gaskiya, tun da tana nuna dabbar da sa'ar da ta zo. Sai dai tana da tsada, tana cin batir, ana kuma sace ta. Babu wanda ya taɓa satar da'irar ƙasa.

A NAN GIDA

Karatun sawu ba sabon ilmi ba ne a Afirka. A shekarar 1997 aka buga sakamakon wata jarrabawa da Philip Stander ya yi wa maharban Sān na ƙasar Namibiya, inda aka gwada abin da suka karanta a ƙasa da abin da aka riga aka sani ya faru, suka dace a kashi 98 cikin ɗari. Haka nan da bin sawu aka yi yawancin binciken zakunan Afirka ta Yamma da aka buga a 2014, wanda ya duba gandun daji 21 ya tabbatar da zaki a huɗu kacal, watau Niyokolo-Koba a Senegal, da dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, da Tafkin Kainji, da Yankari. Jimillarsu wajen 400.

Zaki da giwa suna da masu yi musu kuka. Ƙananan su ne marayu. Yanyawar Sahel, wadda ke haƙa ramukanta a bayan garuruwan Katsina da Damagaram, tana cikin dangin karen da masana suka fi jahilta a duniya, har ƙungiyar kare halittu ta duniya ta daɗe tana lissafa ta cikin waɗanda bayaninsu bai isa a yanke hukunci ba, sai a 2012 aka fitar da ita daga wannan aji. Ga shi kuwa irinta da tunku da bodari su ne ke rage wa manomi ɓera da gafiya da fara ba tare da ya biya ko anini ba. Dattawan ƙauye kan ce dā ana jin kukan kura kowane dare, yanzu an daina. Maganarsu gaskiya ce, amma ba ta da shekara, ba ta da lamba, kuma tana tafiya kabari tare da su.

Ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta wata sakandare, ba su rasa abin da ake bukata ba. Rariya da shebur da ma'auni da littafi mai layi sun isa, sai kuma maharbi ɗaya na garin da za a girmama a tafi da shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi ta riƙa share ƙasa da dare. A zaɓi hanya, a zaɓi mako, a zaɓi abin wari guda, ko ruɓaɓɓen ƙwai ne ko man kifi, a auna shi daidai, sa'an nan kada a canza ko ɗaya daga cikinsu ko da an canza shugaban ofis. Wari ake sawa, ba nama ba, domin ba ciyar da dabba ake nufi ba, kuma ba a kafa tasha kusa da gida ko ruga inda za ta jawo kura ga awakin mutane. Mai aikin ya guji taɓa kashi ko yawun dabba da hannu saboda ciwon haukan kare. Cikin gandun gwamnati sai da izinin hukuma, kuma inda aka ga sawun dabbar da ake farauta don kuɗi, labarin ya tsaya a littafi, kada ya kai teburin mai shayi.

A cikin littafin kowace tasha tana da layinta, da kwanan wata, da yanayin daren, da sunan wanda ya duba. Akwai kuma bambanci guda da sabon ma'aikaci kan manta. Tashar da ta kwana lafiya ba wanda ya taka ta, sifiri ake rubuta mata, kuma tana shiga lissafi daidai da wadda kura ta taka. Wadda ruwa ya wanke, ko shanu suka tattake, ko yara suka ɗauke mata ƙwaya, ita ba sifiri ba ce. Ana ja mata layi a rubuta ta lalace, a cire ta daga kwanan tasha kafin a raba.